Hotuna Goma Sha Biyu Daga Bakin Ngadda



Waɗanda suka halarci walimar saukar karatu ta makarantar Islamiyyarmu sun ga abin da aka jera a bangon zaure: hotuna goma sha biyu da wani yaronmu na nan unguwa, ɗalibi a jami'a, ya ɗauka da wayarsa. Wuri ɗaya ya zaɓa a bakin kogin Ngadda, ta wajen Fori, inda wani gawo yake tsaye. Kowane wata na shekarar 2024 sai ya koma ya tsaya a nan da hantsi ya ɗauki hoto guda. Daga baya ya kai aka wanke masa, ya liƙa su bi da bi, daga Janairu zuwa Disamba. Bayan an watse ya same mu a shago ya ce, "Malam, ku faɗa mini gaskiya, ya kuka gani?" Muka ce masa gaskiyar tana da tsawo, kuma ba shi kaɗai ta shafa ba, don haka a mujallar unguwa za mu ba shi amsa. Ya yarda. To ga ta, kuma dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kafin mu shiga, akwai dattijon da ya ja mu gefe ranar ya ce, yaya liman zai bari a rataye hoto a makaranta? Amsarmu gajeriya ce. Saɓanin da malamai suka yi a kan surar abu mai rai ne, kuma ko a can ɗin ma maganganunsu sun bambanta game da hoton kyamara. Amma itace da kogi da sararin sama, jamhurun malamai ba su ga laifi a kansu ba. Sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ƙari a kan haka, sau nawa muke karantawa a sallah yadda ƙasa take mutuwa sannan a rayar da ita da ruwan sama, ana kiranmu mu duba mu yi tunani? Yaron nan dubawar ya yi. Sauran tunanin.

Bari mu fara da abin yabo, don yana da yawa. Babban abin da ya yi daidai shi ne haƙurin tsayawa wuri ɗaya. Yaranmu na yanzu kowa mai hoto ne, amma hoton nasu na tsalle ne, yau a ƙofar jami'a, gobe a gidan biki. Shi kuwa ya kafa ƙafarsa gaban itace guda har shekara ta zagayo. Da haka ne mai kallo yake gane cewa ba wurin ne ya sauya ba, lokaci ne. A hoton Janairu hazo ya rufe tsallaken kogi, gidajen can sai inuwarsu, rana kamar faifai. Bai goge hazon ba, kuma mun gode masa, domin haka hunturunmu yake. Masana sun ce ƙurar nan mafi yawanta daga wani ƙwari take tasowa mai suna Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda a da can ruwa ne kwance. A hoton Afrilu, wanda ya ɗauka ana cikin kwanakin ƙarshe na azumi, cikin kogin ya zama yashi fari fat, sai ɗan kududdufi baƙi a gefe. Duk wanda ya yi azumin 2024 a garin nan, zafi ya haura digiri 40, in ya kalli hoton sai ya ji maƙogwaronsa ya bushe. Wannan shi ne hoto mai gaskiya.

Zaɓen gawo ma dabara ce, ko da gangan ya yi ko dace ne. Gawo dai kun san halinsa, ba ya tafiya tare da sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowa ya yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Da rani kuwa, ƙasa ta bushe, sai ya yi lif da ganye, dabbobi su samu inuwa da 'ya'yan da za su ci. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, don ba ya tare wa gero rana. Mun ji wasu samari a zauren suna nuna hoton Agusta suna cewa itacen ya mutu. Da ba a jera hotunan goma sha biyu ba, wa zai ƙaryata su? Sai da aka ja su zuwa hoton Disamba suka gan shi shar da shi. Ka ga karatun da ba mu taɓa iya koya musu a allo ba, bango ya koya musu cikin minti biyu.

To yanzu ga inda muke da magana.

Na farko, kala. Hotunan Yuli da Agusta an taɓa su. Korensu ya yi yawa, har ciyawar tana walƙiya kamar sabuwar shadda, samaniya kuma shuɗiya tas kamar an rine ta da baba. Mun tambaye shi, bai musa ba, ya ce wayar ce take da wurin ƙara haske, kuma kowa haka yake yi. Mu 'yan kasuwa muna da sunan wannan. In ka ɗora manyan tumatir a saman kwando ka ɓoye ƙananan a ƙasa, algus ka yi, ko da kowa a layin haka yake yi. Daminar Borno tana da nata kore, mai ɗan duhu, gauraye da jan ƙasa da toka-tokar hadari. Ba ta buƙatar aron kayan Jos ko na Mambila. Mun saba da kalandar da ake rabawa a shaguna, mai hoton duwatsu da ƙanƙara da korayen filaye na ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, har idonmu ya yarda cewa in ba haka wuri yake ba to ba shi da kyau. Yaron da ya bar hazon Janairu yadda yake, me ya hana shi barin Agusta yadda take? Matsalar kuma ba ta tsaya ga kyau ba. Da zarar mai kallo ya gane an taɓa hoto biyu, sai ya fara shakkar sauran goman.

Na biyu, abin da ya yanke. Mun san wurin nan, muna bi ta can. In ka tsaya gindin gawon ka juya hagu kaɗan, juji ne, leda baƙa da fara da robobin ruwa sun cika bakin gaɓa. In ka ɗaga ido kuma akwai gine-ginen bulo da suka gangaro har inda tsofaffi suke cewa hanyar ruwa ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a hotuna goma sha ɗaya. Ya karkatar da wayar yadda ba za su shigo ba. Mun fahimci dalilinsa, yana son garinsa, ya gaji da ganin ana nuna Maiduguri da muni. Mu ma mun gaji. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ledar nan ita take toshe magudanai, ginin nan shi yake matse kogi. Wanda ya kalli jerin zai ga ruwa ya zo a Satumba kamar daga sama kawai, ba zai ga hannunmu a ciki ba.

Haka kuma ya kori mutane. Da alama jira yake yi sai wuri ya yi shiru sannan ya danna. Alhali kuwa a ƙasar nan ba ganye kaɗai ke nuna lokaci ba, aikin mutane ne. Da sanyi masu lambu suna ban-ruwa ga latas da albasa da alayyafo. Da bazara masu amalanke da masu buga bulo ne a cikin kogin. Ruwa ya zo, yara sun fito da ƙugiya da koma. Kaka ta yi, ga kara a kan kekuna, ga mata masu suyar fara sun kafa kasko a bakin titi. Ko shamuwa da take zuwa gabanin ruwa, da belbela a bayan shanu, ba mu ga ko ɗaya ba. Kogin da ke bangon zaurenmu kogi ne da ba mai ci daga gare shi.

A nan ne muka tuna da 'yar garin nan, Fati Abubakar, wadda ta karanci aikin jinya kafin ta rungumi kyamara. A 2015 ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno, lokacin da duniya ba ta san komai game da mu ba sai tashin bam da sansanin gudun hijira. Ta shiga kasuwa da makarantu da wuraren biki tana ɗaukar mutane suna rayuwarsu, tana rubuta abin da suka faɗa da bakinsu, har manyan jaridun Amurka da Ingila suka ɗauki labarin aikinta. Ta yi wa Borno hidimar da ba za a manta ba. Ita fuskar mutum ta sa a gaba, domin a wancan lokacin mutuncin mutum ne aka tauye. Yaronmu ya ɗauki ɗayan ɓangaren, ƙasar da mutanen suke takawa. Abin da ya rage masa ya koya daga gare ta shi ne yadda ake tunkarar mutum, a gaishe shi, a nemi izininsa, a ji ta bakinsa. Da ya sa mai lambu ɗaya a gefen gawon nan wata bayan wata, da mun ga yadda lokaci yake juya aljihun talaka, ba launin ciyawa kaɗai ba.

Na uku, lissafin lokaci. A ƙarƙashin kowane hoto sunan watan Turawa kawai ya rubuta, ba rana, ba komai. Amma ƙasar nan ba da watan Turawa take tafiya ba. Daga Fabrairu zuwa Mayu kusan hoto ɗaya ne aka maimaita sau huɗu, sai dai ƙarin fari. Tsakanin hoton Yuni da na Yuli kuwa duniya ta kife, kuma ba mu ga yadda aka yi ba. Ruwan da garin nan yake samu a shekara bai fi milimita 600 da wani abu ba in an kwatanta, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ashe ke nan inda abu yake gudu nan ya kamata a yawaita hoto. Malamanmu na zaure sun riga sun raba shekara rabon da ya fi wannan dacewa: taurari 28, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai take da 14, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Manomi na gargajiya ya san lokacin da Zira'a ta kama, ya san markar Ɗarfa da Jabha. Ba muna cewa tauraro ke saukar da ruwa ba, Allah Ya tsare mu, an hana mu wannan faɗar. Lissafi ne kawai, kamar yadda muke lissafin wata. Da yaron ya bi wannan, da ya kawo mana hoto 28, bakwai daga ciki na damina zalla. Kuma da ya tambayi masu masaukinmu Barebari, da sun faɗa masa nasu sunayen, nengeli da bigela da binem da be, ya rubuta su kusa da namu. Kogin nasu ne tun kafin kakanninmu su sauke kaya a Yerwa.

Na huɗu, hoton Satumba. Shi ne babba a jerin, ya ninka sauran girma, kuma nan jama'a suka taru. Ba daga gindin gawon aka ɗauke shi ba, don a ranar gindin gawon yana ƙarƙashin ruwa. Ba wanda ke buƙatar a tuna masa Talata 10 ga Satumba 2024, kwanaki kaɗan kafin Mauludi, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare. Ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, namun gidan zu suka fita, katangar gidan yari ta faɗi, gari ya rabu biyu. Da yawanmu mun kwana ba mu san halin da 'yan'uwanmu na tsallake suke ciki ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Hoton yana da ƙarfi, ba musu. Amma irinsa dubbai ne a wayoyin mutane, kuma duniya ta gan su. A wurinmu hoton da ya fi shi daraja shi ne ƙaramin da ke gabansa, na ƙarshen Agusta, wanda ba wanda ya tsaya a kansa. Ku koma ku duba. Ruwa ya riga ya taɓa saiwar gawon, wurin da a hoton Yuli akwai taku kusan goma tsakaninsu. Wannan gargaɗi ne a rubuce, makonni biyu kafin abin ya faru. Hoton ambaliya yana sa kuka. Na Agusta shi ne zai iya sa mutum ya kwashe buhunansa tun da wuri. Da mu ne muka jera, da shi za mu faɗaɗa.

Kada a ga kamar ƙaramin abu muke ja. Hoton da aka ɗauka a lokaci ɗaya aka bar sauran lokuta ya taɓa ruɗin manyan duniya ma. Akwai hotunan Tafkin Chadi da taurarin ɗan'adam suka ɗauka daga sama, ana jera na 1963, sa'ad da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kusa da na bayan farin 1973 da na 1984, a ce ga shi kashi 90 cikin 100 ya tafi. Farin gaskiya ne, iyayenmu sun sha shi. Amma ku tambayi 'yan'uwanmu masu fataucin banda da suka yi zama a Baga da Doron Baga. Za su ce muku tafkin yana numfashi ne. Ruwan kogin Shari da Lagon ba ya isowa sai bayan damina ta ɗauke, ya cika da sanyi, ya janye da bazara, mutane su bi sawunsa suna shuka masara da wake a danshin da ya bari. Ruwa mai yawa kuma yana ƙarƙashin ciyawa da tsibirai, daga sama kore ake gani. Masu bincike na baya-bayan nan sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Haka firgin Dikwa da Marte da Ngala: wanda ya ɗauke shi a Afrilu zai ce ƙasa ce matacciya mai tsattsagewa, wanda ya zo a Janairu zai tarar da masakwa ta yi kai ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Kowannensu bai yi ƙarya ba, kuma kowannensu bai faɗi gaskiya duka ba.

Ga inda abin ya zo ƙofar gidanmu. Mu mutanen unguwar nan, wani daga Kano, wani Haɗeja, wani Katsina, wani Damagaram. Ba mu yi kiwo a dajin nan muna yara ba, ba mu san inda ruwa ya saba kwana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa mu ne muka fi faɗawa hannun dillalin fili. Yaushe ake nuna maka fili? A Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, ko'ina shimfiɗe kamar tabarma. Yanzu ma ba sai ka je ba, hoto za a turo maka a WhatsApp, kai ma ka tura wa ɗan'uwanka da ke Legas ko Saudiyya ya aiko da kuɗi. Mun san wani bawan Allah da muke sallah tare, shekara bakwai yana tara kuɗin dako da na sayar da ruwa, ya sayi fili a kan hoton bazara, ya yi ɗaki biyu. Damina biyu kacal ya yi a ciki. Yau haya yake biya, filin kuma ko kyauta ba mai karɓa. Da akwai wanda ya nuna masa hoton wurin a Agusta, da kuɗinsa suna hannunsa.

Kuma wannan ba shi ne zuwan ruwa na farko ba. A 1994 Alau ta yi irin haka. Waɗanda suka gani suna nan da ransu, amma lokacin ba waya a hannun kowa, hoto sai an je wurin mai hoto an zauna a kujera. Labari ya zama na baka, na baka kuma yakan dushe, shekara talatin ta isa a manta. Aka yanka filaye inda ruwa ya taɓa bi. Masana ƙasa ma suna cewa tudun yashin nan da ya ratsa Maiduguri ya nufi Bama gaɓar tsohon tafkin ne na shekaru dubbai. Wato ƙasar da muke zaune a kanta tana da dogon tarihi da ruwa, mu ne baƙi a labarin.

Don haka shawararmu ga yaron nan da abokansa ita ce kada a tsaya. A sake zagayowa, amma a gyara. Kada a taɓa kala. A rubuta rana da wata da tauraro a bayan kowane hoto. A bar juji da gini su fito yadda suke. A sa wa itacen alama da fenti, taku-taku, don a riƙa gane inda ruwa ya kai. A ƙara wurare, musamman unguwannin da ake yanka sababbin filaye da kwalbatocin da suke toshewa. A sanar da Bulama kafin a fara, a nisanci shingen jami'an tsaro, kada a ɗaga waya inda mata suke wanki ko wanka, kuma duk wanda zai fito a hoto a nemi yardarsa. Abin da aka samu a wanke shi a takarda, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Mun yi magana da shugaban makaranta, ya ba da akwati ɗaya a ofis da za a riƙa ajiyewa. Kuɗin wankin hoton shekarar farko shagonmu ya ɗauka.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa, daga yau duk wanda aka kawo wa tallan fili, kafin ya kirga ko sisi ya ce a nuna masa wurin cikin marka, ko ya jira Agusta ya je da ƙafarsa. In dillali ya ce sauri ake yi, wani zai riga ka, to bar wa wanin. Hotunan suna nan a zauren makaranta har ƙarshen wata, bayan la'asar ƙofa a buɗe take. Ku je da 'ya'yanku, ku fara daga Janairu, kuma in kun zo kan na Agusta ku ɗan dakata.

Allah Ya yi wa yaron nan albarka, Ya ƙara masa basira. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa da na fari, Ya zaunar da Borno da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.